Wanne ne Sonic na asali, kuma ina gem ɗin da muke bugawa a kafe ya shiga?

Tambaya: Ƙanina ɗan shekara 12 ya kamu da son Sonic, bushiyar nan shuɗiya mai gudun tsiya. Ya kalli finafinan, ya koma kan katun, yanzu kullum cikin musu yake da abokansa a kan wanne ne labarin gaskiya, domin kowane katun da nasa labarin. Na ba shi labarin gem ɗin Sonic da muke bugawa a kafe lokacin muna sakandare, muka nemo shi a intanet, ya ƙi buɗuwa. Ga shi kuma ya cika mini laftof da hotunan fuskar kwamfuta, tun daga ranar talla ke ta faɗo mini ko ban taɓa komai ba. Wanne ne Sonic na asali, ina wancan gem ɗin ya shiga, kuma yaya zan yi da kwamfutar?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyinka uku ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su. Yawancin abin da mutane ke ƙauna da sunan Sonic bai fito daga gem ɗin da kamfanin Sega ya sayar ba. Ya fito ne daga gefe: daga masu katun da aka ba haya, daga masu littattafan zane, daga kuma 'yan ga-ni-kashe-nin Sonic da suka zauna a ɗakunansu suka ƙera nasu ba tare da an biya su ko sisi ba. Gem ɗin da ka buga a kafe ma, ina kyautata zaton Sega ba ta da hannu a cikinsa. Za mu zo wurin.

Mu fara da musun yaran. Sega, kamfanin Japan, ta fitar da gem na farko ranar 23 ga Yuni, 1991, a kan na'urarta Mega Drive, wadda a Amurka ake kira Genesis. Manufar a fili take, ana neman wanda zai ja da Mario na Nintendo. Yuji Naka ya rubuta manhajar, Naoto Ohshima ya zana bushiyar, Hirokazu Yasuhara ya tsara filayen wasan. To amma idan ka kunna wannan gem ɗin, babu wanda ke buɗe baki ya yi magana a ciki daga farko har ƙarshe. Ka yi gudu, ka kwashi zobba, ka fasa mutum-mutumin ƙarfe wata ƙaramar dabba ta fito, ka kara da wani mai ƙaton tumbi da gashin baki. Shi ke nan. Ɗan abin da ake kira labari yana cikin takardar da ke zuwa a kwalin kaset ɗin, kuma ta Japan daban, ta Amurka daban. Ko sunan mugun bai zo ɗaya ba, a Japan Eggman, a Amurka da Turai Robotnik.

Saboda haka da aka zo yin katun, babu wani tsayayyen labari da za a bi. A 1993 kamfanin DIC ya fitar da katun biyu na Sonic kusan lokaci guda a Amurka, kuma in ka kalle su sai ka rantse ba su san juna ba. Ɗaya na barkwanci ne zalla, kashi 65, Robotnik a ciki wawa ne da 'yan korensa biyu da suka fi shi wauta. Ɗayan kuwa, wanda tashar ABC ke nunawa da safiyar Asabar, kashi 26 ne, kuma labarinsa mai duhu ne: Robotnik ya riga ya ci ƙasar da yaƙi, yana mayar da mutane injina, Sonic da wasu 'yan tawaye suna ɓoye a daji ƙarƙashin wata gimbiya mai suna Sally. Mutum ɗaya ne, Jaleel White, ya yi muryar Sonic a duka biyun. A 1999 aka ƙara wani mai kashi 40, inda aka ba Sonic 'yan'uwa biyu da uwa sarauniya, suna yawo da kayan kiɗa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan dangin da ya taɓa zama cikin manyan gem ɗin Sega.

Wanda ya fi kusa da gem shi ne Sonic X, da kamfanin TMS na Japan ya fara a 2003, kashi 78. Shi ya ɗauko labarin Sonic Adventure na 1998 da Sonic Adventure 2 na 2001 ya shimfiɗa su a talabijin, amma ya cusa wani yaro ɗan Adam mai suna Chris wanda babu shi a gem, kuma har yau masoya ba su gama yi masa tsiya ba. Bayan nan Sonic Boom ya zo a 2014 da Knuckles, abokin Sonic, mai faffaɗan ƙirji da ƙarancin basira, sai Sonic Prime a Netflix a 2022. Finafinan da ƙaninka ya fara da su, na 2020 da 2022 da 2024, su ma duniyarsu daban ce.

In ana neman amsa ta hukuma, ga ta: labarin manyan gem na Sega shi ne ginshiƙi, sauran rassa ne. Ka iya gaya masa haka ya je ya kashe bakin abokansa. Amma ni a ganina wannan amsar ba ta gamsar ba, domin ruwan bai taɓa gudu ta hanya ɗaya kawai ba. Tun 1993 Sega ta ɗauki wani gem na Japan mai suna Puyo Puyo ta lulluɓe shi da fuskokin katun ɗin barkwancin nan ta sayar a Amurka da Turai da sunan Dr. Robotnik's Mean Bean Machine. Son da Sonic ke yi wa burodi mai tsiran nama da yaji, wanda yanzu kowa ya ɗauka halinsa ne tun fil azal, a katun da littattafan zane na Amurka ya yi suna kafin ya shiga manyan gem. A 2005 Sega ta sallami masu muryoyin Ingilishi na gem ta ɗauko waɗanda suka yi wa Sonic X murya a kamfanin 4Kids, kuma ɗaya daga cikinsu, Mike Pollock, shi ya ci gaba da zama muryar Eggman bayan an canza sauran a 2010. Ian Flynn, wanda ya yi shekaru yana rubuta littattafan zane na Sonic a kamfanin Archie sannan IDW, shi aka kira ya rubuta labarin gem ɗin Sonic Frontiers na 2022. To wa ke kwaikwayon wa? Lamarin ya fi kama da tatsuniyar Gizo. Kowace kaka da yadda take ba da ita, a wani gidan Gizo ya sha da ƙyar, a wani gidan ya kwashi kashinsa a hannu, kuma babu yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa ya ce ta kawo masa Gizo na asali. Muddin akwai wayo da haɗama da Ƙoƙi, Gizo ne. Muddin akwai gudu da zobba da rashin haƙuri da Eggman, Sonic ne.

Akwai ma abin da zai ba ka dariya game da namu "asalin". Na'urori da yawa da muka taso muna kira Sega a gidajen gem da ɗakunan abokai ba Mega Drive ba ne, kwaikwayon tsohuwar na'urar Nintendo ne da aka zuba a kwanson da ya yi kama da Sega, da kaset mai alƙawarin wasanni dubbai alhali guda goma ne ake ta maimaitawa. A irin waɗannan kaset ɗin ne ake samun Somari, wani gem na satar fasaha na 1994 wanda aka ɗauki filayen Sonic aka saka Mario yana gudu a ciki. Wanda kuma ya yi sa'ar samun Mega Drive ta gaske irin ta Turai, ya buga Sonic na farko ne da saurin da ya gaza na Japan da Amurka da kusan kashi 17 cikin 100, har kiɗan yana jan ƙafa, saboda talabijin ɗin tsarin PAL na sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na can kuwa sau 60, kuma ba a gyara gem ɗin don wannan bambancin ba. Ke nan da yawanmu da ke bugun ƙirji mun san Sonic tun yana ɗanye, wanda muka sani ɗin ma an taɓa shi.

Yanzu gem ɗin kafe. Ban ga allon da ka buga ba, amma in a burauza ne, kana zaɓar Sonic ko Tails ko Knuckles ko wata zomanya mai suna Cream, kana tafiya da maɓallan kibiya, to kusan tabbas Ultimate Flash Sonic ne. Wani masoyin Sonic ya ƙera shi ya ɗora a dandalin Newgrounds a 2004, da hotunan da ya ciro daga jerin Sonic Advance na ƙaramar na'urar Game Boy Advance. Daga nan shafukan wasanni suka yi ta kwafarsa suna liƙawa a nasu, da izini ko babu, har ya zama yara da yawa a duniya da ba su taɓa riƙe na'urar Sega ba shi ne Sonic ɗinsu na farko. Dalilin yaɗuwarsa shi ne dalilin yaɗuwar duk wasannin wancan zamanin a su Miniclip da Y8 da Friv da Kongregate: fayil ne ƙarami guda ɗaya, ba a girka shi, ba a biya, ba ya neman kwamfuta mai ƙarfi. Ga mai sayen awa ɗaya a kafe, da intanet mai tafiyar hawainiya da mai kafe da ya hana a girka komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk waɗannan wasannin a kan wata manhaja suke tafiya mai suna Flash. Kamfanin Macromedia ya saye ta a 1996 tana da sunan FutureSplash, sai Adobe ya haɗiye Macromedia a 2005. Flash ba ɓangaren burauza ba ce, baƙuwa ce da ake ɗora mata, kuma nan matsalar take. Tana cin batir, tana sa kwamfuta zafi, sannan ta zama ƙofar da masu kutse suka fi so, kullum ana toshe rami wani na buɗewa. A Afrilun 2010 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilin da ya sa iPhone da iPad ba za su karɓe ta ba. Adobe ya daina yin ta don Android a 2012. Da duniya ta koma waya, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A Yulin 2017 Adobe ya sanar da ranar rufewa, ya daina tallafa mata ranar 31 ga Disamba, 2020, kuma daga 12 ga Janairu, 2021, manhajar da kanta ta fara ƙin kunna komai. Chrome da Firefox da Edge suka cire ta gaba ɗaya. Shi ya sa ka ga shafin ya buɗe, tallan gefe ya fito tsaf, amma inda gem ɗin ya kamata ya bayyana babu komai. Fayil ɗin na nan, abin kunna shi ne ya mutu.

A nan ina so ka natsu, domin nan ne mutane suka fi cutuwa. Duk shafin da ya ce maka "sauke Flash Player domin ka buga wannan gem", rufe shi. Adobe ya cire hanyar saukewa daga shafinsa, kuma tun Flash na da rai, sanarwar ƙarya ta sabunta ta na cikin tsofaffin dabarun cusa wa mutane manhajar cuta. Yanzu da ta mutu kuwa, kusan duk mai miƙo maka ita da wata manufa ya zo.

Hanyoyin lafiya biyu ne, kuma duka biyun masoya ne suka gina su, ba Adobe ba, ba Sega ba. Ta farko Ruffle, wata manhaja ta kyauta da aka rubuta da harshen Rust, wadda ke kwaikwayon Flash a cikin burauzar zamani ba tare da ramukan tsohuwar ba. Newgrounds na amfani da ita, haka ma rumbun Internet Archive tun ƙarshen 2020, don haka in ka shiga ɗaya daga cikinsu ka nemi gem ɗin da sunansa, sau da yawa zai kunnu ba tare da ka girka komai ba. Ruffle ta fi ƙwarewa a kan tsofaffin wasanni da aka rubuta da harshen Flash mai suna ActionScript, na 1 da na 2, wato irin na farkon shekarun 2000, kuma naka yana cikin wannan rukunin. Waɗanda aka yi daga baya da ActionScript 3 wasu na tafiya, wasu na tuntuɓe, ana dai ci gaba da aikin. Hanya ta biyu ita ce Flashpoint, wani aikin adana tarihi da aka fara a 2018 da aka ga ranar mutuwa ta matso, wanda ya tattara wasanni sama da 100,000 har da dubban katun. Yana da siga biyu. Ka ɗauki Infinity, wadda ke sauke gem ɗin da ka zaɓa kawai a lokacin da ka danna shi. Ultimate kuwa tana ɗauke da komai da komai, girmanta ya haura terabait guda, ba ta mai sayen data da kuɗin aljihunsa ba ce. A Windows ya fi tafiya lami lafiya. Kuma kada ka wahalar da kanka a waya, waɗannan wasannin don allon maɓallai aka yi su.

Sai dai ka shirya wa abu ɗaya. Mai yiwuwa yaron ya buga na minti kaɗan ya dube ka da mamakin wannan ne abin da kake ta zuzutawa. Ultimate Flash Sonic gajere ne, tsallensa na da santsi, Sonic kan maƙale a inda bai kamata ba. Daɗin da ka ji a lokacin, rabinsa na gem ne, rabinsa na agogon kafe da ke ƙirga maka mintuna. In kana so ya ɗanɗani Sonic irin na da a mafi kyawun kamanninsa, nema masa Sonic Mania na 2017, wanda ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada, ko Sonic Origins na 2022 da ya tattara na 1 da na 2 da CD da na 3 wuri guda.

Sonic Mania ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne hujjata mafi ƙarfi. Bayan Sega ta daina ƙera na'urori a 2001, gem ɗin Sonic suka shiga hawa da sauka. Na 2006 ya fito cike da kurakurai har ya zama abin ba'a, Sonic Boom: Rise of Lyric na 2014 ya bi sahunsa. A duk tsawon wannan lokacin masoya ba su zauna jiran kamfani ba. Tun shekarar 2000 suke da bikin baje kolin gem ɗin da suka ƙera da kansu a intanet, wanda suke kira SAGE. Wasu suka ɗauki injin tsohon gem ɗin harbi na Doom suka gina Sonic Robo Blast 2 a kansa, ana ta gyara shi sama da shekara ashirin. Wasu suka warware tsofaffin kaset ɗin Mega Drive layi-layi don su gano lissafin da ke sa Sonic ya ƙara gudu a gangara ya rage a hawa. Daga cikin wannan taron ne wani ɗan Ostireliya, Christian Whitehead, ya rubuta injinsa, ya nuna Sonic CD na tafiya a kan iPhone, Sega ta ɗauke shi aiki ya fitar da shi a hukumance a 2011. Shekara shida bayan nan, shi da Simon Thomley da kamfanin PagodaWest, duk tsofaffin 'yan wancan taron, suka yi Mania, kuma masu sharhi suka yaba masa fiye da duk wani Sonic da aka yi cikin shekaru masu yawa kafinsa. Kamfani ya yi ta lalube, yaran da suka taso a kan kayansa suka zo suka nuna masa hanyar gidansa.

Fim ɗin da ya jawo ƙaninka ma haka ta faru da shi. Da aka saki tallansa na farko a ƙarshen Afrilun 2019, Sonic ɗin ciki na da ƙananan idanu da haƙora irin na mutum da dogayen ƙafafu, abin dai ba kyan gani. Masoya suka yi ca, darakta Jeff Fowler ya fito ya ce an ji, aka ɗage fim ɗin daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka kira Tyson Hesse ya jagoranci sake zanen. Hesse kuwa da zanen barkwanci na Sonic a intanet aka fara saninsa, kafin ya yi aiki a littattafan zane da katun ɗin buɗe Mania. Ba na cewa duk ihun masoya gaskiya ne, sau da yawa hayaniya ce kawai, wani lokacin har da cin mutuncin ma'aikatan da ba su da laifi. Amma a wannan karon sun yi daidai.

Kada dai a ɗauka Sega waliyyiya ce. Kawar da kai take yi, ba izini ta bayar ba, kuma tana iya juyowa ran da ta ga dama. A 2011 ta sa an sauke wani gem da masoya suka shafe shekaru suna yi a kan gem ɗinta na Streets of Rage, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa. Abin da za a ce kawai shi ne, a kan Sonic ta fi Nintendo sassauci nesa ba kusa ba. A Agustan 2016 kaɗai, gem ɗin masoya biyu da suka yi suna, AM2R na Metroid da Pokémon Uranium, sun sauka daga shafukansu saboda matsin lauyoyin Nintendo. Ƙa'idar da masoyan Sonic suka riƙe a tsakaninsu ita ce kada a sayar, kada a nemi kuɗi da shi.

Tunda yaro ne ɗan 12, ga abin da ya wajaba in faɗa maka a matsayinka na yayansa. Inda babu mai tsaron ƙofa, kowa na shiga da abin da ya ga dama. A cikin zane-zane da katun da masoya ke yi akwai na batsa, akwai na zubar da jini. Akwai wani abu mai suna Sonic.exe, labarin ban tsoro da ya ɓulla a 2011 aka yi ta yin gem da bidiyo a kansa, Sonic da baƙaƙen idanu masu zubar jini, kuma yara na cin karo da shi a YouTube suna neman katun na yau da kullum. Newgrounds na da alamomin shekaru, E da T da M da A, kuma dandalin ba don yara aka gina shi ba. Flashpoint ma na da matatar da ke ɓoye kayan manya, ka tabbatar a kunne take. Shawarata ita ce kai ka nemo gem ɗin, ka buɗe masa, ku buga tare, maimakon ka miƙa masa sunan shafi ka tafi.

Saura kwamfutarka. Hoto shi kaɗai, wanda sunansa ya ƙare da jpg ko png, da wuya ƙwarai ya jawo abin da kake gani. Abin da ke biyo hoton ne matsalar. Shafukan hotunan fuskar kwamfuta na kyauta da talla suke ci, kuma da yawansu na jera maɓallan saukewa uku ko huɗu, ɗaya ne kawai na gaskiya. Abu uku ne suka fi faruwa. Ko dai wani ɗan akwati ya fito yana neman izinin turo sanarwa yaron ya danna amincewa, ko an ɗora wa burauzar wani ƙari mai alƙawarin sabon hoton Sonic duk lokacin da aka buɗe shafi, ko kuma ya sauke fayil mai ƙarewa da exe ko scr ya kunna. Na ukun ya fi muni. Mutane na ɗaukar scr a matsayin hoton da ke motsi idan an bar kwamfuta, alhali cikakkiyar manhaja ce da ke iya yin duk abin da exe ke yi. Windows kuma na ɓoye ƙarshen sunan fayil in ba ka ce ta nuna ba, don haka abin da aka raɗa wa sonic.jpg.exe zai bayyana maka a sonic.jpg.

Yadda ka kwatanta, talla na faɗowa ko ba ka taɓa komai ba, na fi zargin na farko, kuma shi ya fi sauƙin magani. Shiga saitin burauzar, ka nemi wurin izinin shafuka, ka buɗe na sanarwa, ka goge duk shafin da ba ka sani ba. Daga nan ka duba jerin ƙarin da aka ɗora wa burauzar ka cire duk wanda ba kai ka saka ba. Sai ka buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutar, ka jera su bisa ranar girkawa, ka dubi abin da ya shigo a ranakun da yaron ya fara wannan harkar. A ƙarshe ka sa Windows Security ta yi cikakken bincike, ba na gaggawa ba. In ka samu shaidar cewa an kunna exe ko scr, ka canza kalmomin sirrin imel da na banki daga wata na'urar daban. Sannan ka buɗe wa yaron nasa asusun a kwamfutar wanda ba shi da ikon girka manhaja, wannan kaɗai zai rage maka ciwon kai mai yawa.

Hana shi hotunan kuwa ba shi da amfani, ka koya masa yadda ake yi ne. Ya fara sanin girman allon, yana cikin saitin nuni. Yawancin laftof ɗin hannu na biyu da ke yawo a kasuwanninmu 1366 da 768 ne, sababbi kuma 1920 da 1080. Hoton da ya gaza allon zai fito dishi-dishi, wanda aka yi don tsofaffin allo masu kusan murabba'i, irin 1024 da 768, zai bar baƙi a gefe ko ya miƙe Sonic ya yi faɗi. Wanda ya fi allon girma ba ya ɓata komai sai data. Ya buɗe hoton da cikakken girmansa, ya danna maɓallin dama na linzami, ya adana, ba tare da ya bi ta wani maɓallin saukewa mai walƙiya ba. Sega da kanta na da shafin Japan mai suna Sonic Channel da ya daɗe yana fitar da hotunan fuskar kwamfuta da na waya kyauta, da yawansu da salon Yuji Uekawa, mutumin da ya sake zana Sonic da korayen idanu da dogayen ƙafafu a 1998. Hotuna masu motsi irin na Wallpaper Engine suna da kyau, amma suna shan batir, kuma kai ka san halin wutarmu. In kuma zanen wani masoyi ya ɗauko daga DeviantArt ko makamancinsa, ya bar sa hannun mai zanen a jiki, kada ya yanke don hoton ya yi tsaf, musamman in zai tura wa abokai.

Abu na ƙarshe, tunda ka ce yana da musu da son bin diddigi. Sauke masa Scratch, manhajar koyon shirya gem ta jami'ar MIT, kyauta ce kuma tana da sigar da ke aiki ba intanet. Ita ma da a kan Flash take tafiya, sai a Janairun 2019 aka sake gina ta da fasahar burauzar zamani, shi ya sa ta tsira. Ka ba shi aiki ɗaya: ya zana ƙwallo shuɗi, ya sa ya riƙa ƙara gudu a hankali in an riƙe kibiya, ya riƙa ragewa a hankali in an saki, maimakon ya tsaya cak. Zai ɗauke shi kwanaki, zai yi fushi, zai zo yana tambayarka mene ne lamba mai ragi. In ya ci wannan, mataki na gaba shi ne gangara.